Tun da na haihu gashina ke zubewa, wane shamfu zan saya?

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 26, wannan ce haihuwata ta fari, yarinyar watanta biyar. Lokacin da nake da ciki gashina ya cika ya yi baƙi, har mai kitsona tana mitar hannunta ya gaji. Amma tun da muka shiga wata na uku da haihuwa abin ya juya. Ranar da na yi tsifa na taje kai, wallahi abin da ya fita ya cika tafin hannuna, sai da na zauna na yi kuka. Yanzu gaban kaina gefe da gefe, wajen saman kunne, ya yi fayau har ana hango fata. Gaskiya tun ina budurwa wurin ba shi da ƙarfi, don ina son ƙananan kitso kuma ina sa man miƙar da gashi, amma bai taɓa kaiwa haka ba. Na sayi shamfu kala uku a wurin masu talla a Instagram, na ƙarshen da man shafawarsa N18,000, aka ce sati biyu zan ga canji, ga shi ya kusa ƙarewa ban ga komai ba. Hajiyarmu ta ce kambun baka ne, surukata ta ce ruwan wankan jego ne ya dafa min kai. Maigidana kuma sai tsokana, wai goshina ya ƙara fili, ya ce in riƙa shafa minoxidil ɗin da yake sa wa sanƙonsa. Nan da sati shida za a yi bikin ƙanwarsa, mai kitsona ta ce za ta yi min ƙanana da ƙari ta jawo su gaba su rufe wurin. Don Allah wane shamfu ne na gaskiya? Ina shayarwa.

Mai jego, daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da arziki, Allah Ya raya mana ita Ya sa mai albarka ce.

Shamfun da kike nema babu shi a kasuwa, kada ki sayi na huɗu. Kuma kafin ki ƙarasa karanta amsar nan ki kira mai kitsonki ki ce mata an fasa ƙananan nan da ƙari. Duk cikin wasiƙarki wannan ne ya fi tayar min da hankali, ya fi gashin da ya cika miki hannu.

Abu biyu ne suka haɗu a kanki, kina kallonsu a matsayin ɗaya. Na farko zai warke da kansa ko kin zuba masa ido. Na biyun yana iya zama na har abada in aka ci gaba da yi masa abin da ake yi masa.

Mu fara da wanda ya sa ki kuka. A kan mutum akwai silin gashi wajen 100,000, kuma kowanne da nasa zamanin. Sili yana tsirowa shekara biyu zuwa shida, wani ya fi haka, sannan ya tsaya ya huta kamar wata uku, sai ya faɗi, sabo ya fito daga ramin da ya bari. Shi ya sa lafiyayyen kai ma yake zubar da sili 50 zuwa 100 a kowace rana ba tare da an lura ba. Idan mace ta ɗauki ciki, sinadarin istrojin yana yawa a jininta, shi kuma yana riƙe gashi a matakin tsirowa, wanda lokacin faɗuwarsa ya yi sai ya ƙi faɗuwa. Cikar da mai kitsonki ta yi wa mita ke nan. Da kika haihu mabiyiya ta fita, sinadarin ya sauka cikin 'yan kwanaki, duk silin da aka riƙe suka tafi hutu a tare. Ki ƙirga wata uku daga nan, za ki ga ya faɗa daidai lokacin da kika ce abin ya fara. Kamar adashi ne: wata tara ana zubi, yanzu aka zo kwasa. Yawanci abin yana tsananta wajen wata na huɗu zuwa na biyar, sannan ya lafa, kuma mafi yawan mata kafin yaro ya shekara kansu ya koma yadda yake kafin ciki. Ki lura da abin da na ce, yadda yake kafin ciki. Wancan cikar ta lokacin goyon ciki aro ce.

Sannan ga lissafin tsifa, wanda yake tsorata mata da yawa ko ba su haihu ba. Gashin da ya saki saiwarsa a cikin kitso ba ya da hanyar faɗuwa, yana nan maƙale. In kitso ya yi sati uku a kai, kwana 21 ke nan, ko a sili 100 kullum kin tara 2,100, su ne za su fito miki gaba ɗaya a mataji ranar tsifa. Ki ɗora zubar jego a kan wannan, dole ya cika hannu.

In kin sake tsifa, ki ɗebi kaɗan daga abin da ya fita ki baza a kan farin faranti ko farar takarda, ki fita tsakar gida inda akwai haske. Silin da ya fita da tsawonsa, da wani ɗan farin ɗigo a ƙarshensa kamar ƙwayar gero ta yi ƙanƙanta, wannan daga saiwa ya faɗo, lokacinsa ne ya yi, kuma akwai sabo a bayansa. Gutsattsarin da ba su da wannan farin kai karyewa suka yi a tsakiya, su kuma laifin man miƙarwa ne, ko bushewa, ko taza da ƙarfi. Ina kyautata zaton za ki ga duka biyun.

Game da maganar Hajiya da ta surukarki, kada ki ja da kowa. Azkar ɗinki na safe da yamma ki riƙe shi, ki tofa wa kanki da 'yarki, wannan babu mai hana ki. Amma matar da ta haihu a Landan, wadda ba ta taɓa jin sunan wankan jego ba, ba kuma wanda ya ga gashinta balle ya yi masa baki, ita ma a wata na uku take tsintar gashi a matashinta. Ruwa mai zafi sosai yana busar da gashi da fatar kai, iyakarsa ke nan, kuma kin gama wankan tun tuni. In surukarki ta sake tayar da zancen ki ce mata to Mama, Allah Ya sauwaƙe, ki wuce.

Yanzu shamfu. Gashin da kike gani a waje, wanda ake tajewa ake kitsawa, ba shi da rai, kamar farcen da ake yankewa ne. Mai ran yana can ƙasan fata, zurfin milimita uku zuwa huɗu, jini ne ke ciyar da shi. Shamfu kuwa sabulu ne, aikinsa ya ɗauke datti da maiƙo da gumi. Minti biyu ko uku yake yi a kai ki ɗauraye shi ya bi rariya. Duk abin da aka lissafa a jikin kwalbar, bitamin ɗin biyotin ne, albasa ce, citta ce, ruwan shinkafa ne, tare da kumfar suke tafiya. Wasu shamfun suna barin wani ɗan rufi a jikin sili ya ɗan yi kauri a hannu, sai mace ta ji kamar gashin ya ƙaru, wanki ɗaya da wani sabulun ya tafi. Ko a Turai an yi wannan rigimar. A 2018 hukumar da ke sa ido kan tallace-tallace a Birtaniya ta hana masu shamfun Alpecin na Jamus ci gaba da cewa yana rage zubar gashi, don hujjar da suka kawo ba ta gamsar da ita ba. To wannan babban kamfani ke nan mai ɗakin bincike, ina ga wadda ta haɗa nata a bokiti ta manna takarda? Ko lambar NAFDAC kika gani a jiki, abin da take nunawa an yi wa kayan rajista, ba shaidar cewa yana tsirar da gashi ba ce. Wanda ba shi da lambar ma, ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, ni ba zan sa shi a kan da ke goga fuskar jaririya ba.

Alƙawarin sati biyu kuwa shi ya tona musu asiri. Gashi yana ƙaruwa kamar santimita ɗaya a wata, namu na baƙar fata ma bai cika kaiwa haka ba. A sati biyu, ko komai na tafiya daidai, abin da zai fito bai wuce tsawon ƙwayar shinkafa ba. Hotunan da ake nuna miki na da da na yanzu, ki sake duba su da kyau: na farko gashi ne a cukurkuɗe bayan wanki, na biyu an busar da shi da diraya an miƙar. Gashinmu in ya sha ruwa yana tattarewa ya koma rabin tsawonsa ko ƙasa da haka, kowace mace ta san wannan, amma in muna cikin damuwa sai mu manta.

Za ki ce min ai ga masu ba da shaida, har da ƙawarki wance da ta yi amfani da shi gashinta ya dawo. Ba ƙarya ta yi ba, ya dawo. Yaushe mai jego take sayen shamfun tsirar da gashi? Lokacin da zubar ta kai ƙarshen tsananinta, wata na huɗu ko na biyar. Yaushe zubar take tsayawa da kanta? Jim kaɗan bayan nan. Duk kwalbar da ke hannunta a lokacin ita za ta sha yabo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ke ma da kin sayi na huɗu yau, nan da wata biyu da ke za a yi talla.

Shamfu ɗaya ne zan ce yana da aikin magani, shi ma ba na tsirarwa ba. In kina da amosani mai yawa, kai na ƙaiƙayi kina sosa har da tsinken tsifa, akwai mai ɗauke da ketoconazole a manyan kemis, ana barin kumfarsa a kai minti uku zuwa biyar, sau biyu a sati, na sati biyu zuwa huɗu. Yana kashe abin da ke kawo amosanin, susa ta tsaya, karyewar da susa ke jawowa ta ragu. Ki gaya wa mai ba da maganin kina shayarwa. In ba ki da amosani, kowane shamfu mai laushi da ba ya barin gashi ƙandas ya wadatar, sau ɗaya a sati ko kwana goma, ki bi shi da kwandishina.

Mu zo kan gefen goshin nan. Zubar jego ta fi bayyana a daidai wurin, don haka wani ɓangare na filin da kike gani zai cike da kansa. Amma ke da bakinki kin ce tun kina budurwa wurin ba shi da ƙarfi, kuma kin faɗi dalili ba tare da kin sani ba.

Dukanmu mun zauna a tsakanin gwiwoyin mai kitso. Na tuna kitson jajibirin Sallah muna yara: a danne miki kai a cinya, a tsinto 'yan ƙananan gashin gaban goshi ɗaya bayan ɗaya da bakin tsinke, wai kada a bar ko sili, a ja har girarki ta ɗaga. Ki tashi fuska a miƙe kamar an ɗaure ganga, daren nan a kife za ki kwana, washegari wasu 'yan ƙuraje masu farin kai su jeru a bakin kitson. In kin yi kuka a ce ado sai da wahala, in ya kwana biyu zai saki. Sakin nan da ake faɗa, ba kitson ne ya yi laushi ba, saiwar gashin ce ta ba da kai. Yayata tana cikin waɗanda aka fi yaba wa kitso a unguwarmu, sati-sati ake sake mata. Yau ta haura hamsin, ɗankwalinta ba ya matsawa daga kan girarta ko a cikin mata, don daga goshi zuwa kusan tsakiyar kai babu komai, fatar sumul tana ƙyalli. Babu irin man da ba ta shafa ba.

Abin da ke faruwa shi ne, saiwar da ake ja kullum tana kumbura ta yi rauni, ta riƙa fitar da siriri maimakon sili mai ƙarfi. A wannan matakin in an daina ja tana farfaɗowa. In aka shekara da shekaru ana yi, ramin ya toshe ya zama tabo, tabo kuwa ba ya fitar da gashi, ko me aka zuba masa. Likitar fata Farfesa Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta sun duba kawunan mata da 'yan makaranta a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, suka fitar da sakamakon a 2007: kusan kashi 32 cikin 100 na manyan mata da kashi 17 na 'yan mata 'yan makaranta suna da wannan cinyewar gaban kai. Kuma sun ga haɗarin ya fi yawa idan aka yi kitso mai ja a kan gashin da aka sa wa man miƙarwa. Ga ki nan ƙanwata, duka biyun kike yi. Man nan sinadari ne mai ƙarfi da ke karya ginin sili don ya kwanta, shi ya sa yake ƙuna in ya daɗe, har ya bar ɓawon ciwo a fata.

To a kan wannan raunanniyar saiwa, wadda jego ya ƙara sassautawa, ake so a ɗaura ƙari mai nauyi a jawo shi gaba, a bar shi sati huɗu ko shida. Garin neman gira za a rasa ido. Hukuncin ƙarin gashi a addini ki tambayi malamarku ta Islamiyya, ni ta fata nake yi miki, kuma ta fatar ma a'a ce. Haka hular gashi da ake mannawa da gam a bakin goshi, da a-cuci-maza mai nauyi da ake ɗaure gashi tam a kansa, da ribom ɗin da ake ja har ido ya tsuke. Har ɗaurin ɗankwali da hular cikin hijabi, in roba ce mai matsewa kuma kullum a layi ɗaya take zama, tana cin wurin.

Ki ɗauki madubi gobe da hantsi ki duba gefen da kyau. In kina ganin 'yan ƙananan ramuka da gashi siriri kamar na jariri, saiwar na da rai. Sau da yawa za ki ga wani ɗan layin gashi ya rage a can gaba, filin yana bayansa, wannan alamar ja ce sak. Inda ya yi santsi kamar bayan cokali, babu ko rami, shi ne abin gaggawa. A shekarunki, ina sa ran mafi yawansa zai dawo.

Abin da za ki yi daga yau har yarinyar nan ta shekara: ki ajiye man miƙarwa gaba ɗaya. Kitso manya, guda shida ko takwas, ko kalaba sakwa-sakwa, kuma ki ce wa mai kitso ta bar gashin gaban goshi da na saman kunne kada ta tsinto su. Za ta ce kitson ba zai yi kyau ba, ba zai daɗe ba. Ki ce kin ji. Ma'auninki shi ne, in kin tashi daga gabanta kina iya ɗaga gira da juya wuya ba zafi, to ya yi. In sai kin sha Panadol, ko kin kasa sa goshi a ƙasa da kyau a sujada, ki tsefe shi a ranar, kuɗin kitson ya tafi sadaka. Kada ya wuce sati biyu a kai, kuma ki riƙa canza inda ake tsaga. Wajen tsifa ki jiƙa shi da ruwa da ɗan mai, ki warware da yatsa kafin mataji mai manyan haƙora ya shiga, daga ƙarshen gashi ki hauro. Ruwan karkashi yana da kyau a nan, yauƙinsa na sa mataji ya wuce ba tare da fizga ba. In kin wanke kai ko kin yi wanka ruwa ya shiga kitso, ki bari ya bushe kafin ki rufe.

Man kaɗanya, man kwakwa, man zaitun, duk suna da amfani, musamman da hunturu, amma ki san amfanin nasu: suna riƙe danshi ne su hana karyewa. Haka ma chebe da matan Chadi suka shahara da shi. Su a jikin gashin suke shafa shi su kitse, ba a fatar kai ba, kuma tsawon da kike gani a wurinsu na gashin da bai karye ba ne shekara da shekaru, ga kuma gado. Abin da ba na so shi ne a cika fatar kai da mai mai kauri kullum, ko a riƙa goga tafarnuwa da makamantanta a gefen goshi har wurin ya yi ja. Fatar da ke fama da rauni ba ta buƙatar ƙuna.

Minoxidil ɗin maigida kuwa, shi magani ne na gaske, ba irin su shamfu ba. Asalinsa ƙwayar hawan jini ce, aka lura masu shanta gashi na fito musu, sai aka mayar da shi na shafawa, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1988. Yana aiki a kan sanƙon gado na maza da na mata, ana shafa shi a bar shi a fata, ba a ganin sakamako sai bayan wata uku zuwa shida, a makonnin farko ma zubar ƙaruwa take yi, kuma mai sanƙon gado in ya daina, abin da ya samu zai zube cikin 'yan watanni. Amma ba naki ba ne yanzu. Ba a ba mai ciki ko mai shayarwa shawarar amfani da shi sai da izinin likita, zubar jego kuma ba ta buƙatarsa. Sannan ki isar min da saƙo ga maigidan: hukumomin magani a Turai sun tattara rahoton jarirai da gashi ya fito musu a baya da cinyoyi saboda haɗuwa da fatar iyayen da ke shafa maganin nan, da aka raba su da shi gashin ya zube. Don haka in ya shafa ya wanke hannu da sabulu, ya bari ya bushe sarai kafin ya ɗauki yarinyar, kada ya ɗora ta a wuya tana wasa da kansa, kuma kada a kwantar da ita a matashinsa. In yana haɗawa da ƙwayar finasteride da wasu maza ke sha don sanƙo, ke kada ki kusanci ƙwayar, in mace na da ciki tana illa ga ɗan tayi namiji.

Kuɗin shamfu na huɗun ga inda za ki kai shi. Ki je asibiti a auna jininki. Ciki da haihuwa da shayarwa suna cinye sinadarin ƙarfe na jikin mace, ƙarancinsa kuma yana iya ja wa zubar jego tsawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawarar a ci gaba da ba mai jego maganin ƙarin jini sati 6 zuwa 12 bayan haihuwa a wuraren da ƙarancin jini ya yi yawa, mu kuwa da an yi suna muke jefa ragowar ƙwayoyin awo a bayan durowa. In kina jin jiri, ko haki daga ɗan aiki kaɗan, ko tafin hannunki ya yi fari, ko kina kwaɗayin farar ƙasa da ƙanƙara, ki faɗa wa likita, ki roƙi a duba har da feritin, wato ajiyar ƙarfen jiki, don wani lokacin PCV, wato awon yawan jini, yana nuna daidai alhali rumbun ya kusa ƙarewa. Ki ce a duba tayirod ma, halittar nan ta wuya da in ta kumbura ake kira maƙoƙo. Kusan mace ɗaya cikin 20 takan samu rikicewarta a shekarar farko bayan haihuwa, alamunta kuma, gajiya da faɗuwar gaba da zubar gashi, ana ɗauka wahalar goyo ce kawai. In kina shan ƙwayoyin biyotin da ake tallatawa don gashi ki sanar kafin a ɗebi jinin, suna rikita sakamakon gwajin tayirod, kuma mai cin abinci daidai da wuya ta rasa biyotin. In an sa miki allura ko ashanar tazarar haihuwa, shi ma ki ambata.

Ki ci abinci. Hanta, nama, kifi, ƙwai, wake, zogale, alayyahu, da lemo ko gwaiba a kai. Shayi ki ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu da abinci, yana hana jiki ɗaukar ƙarfe. Shayin rage tumbi da zaman yunwa don a shiga ɗinkin anko, wannan kam ki manta da shi, rama ta farat ɗaya da kanta tana zubar da gashi.

Akwai abubuwan da in kin gani ba za ki jira shekara ba. Fili zagayayye sumul kamar kwabo a tsakiyar gashi, ko tsakiyar kai ya fara buɗewa yana zafi ko ƙaiƙayi, ko ƙuraje masu ruwa, ko wuri mai ɓawo da gutsattsarin gashi irin na makero, ko gira da gashin hammata su ma su fara tafiya. Waɗannan na likitan fata ne, kuma akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ko ba ki ga ɗaya daga ciki ba, ki ɗauki hoton gefen goshinki yau, dama da hagu, a hasken rana, ki sake ɗauka duk wata a wuri ɗaya. Ido yana ruɗin mai kallon madubi kullum, hoto ba ya yi. In bayan wata uku da sassauta kitso babu 'yan sababbin gashi da suka tsaitsaya a wurin, ki je a duba ki tun kina shayarwar, akwai abin da likita zai iya yi kafin yaye.

Maigida kuma, ina jin bai san kin zauna kin yi kuka ba. Maza da yawa tsokana ce hanyarsu ta cewa abin bai dame su ba. Ki same shi lokacin da yake cikin nishaɗi ki ce masa, wasan goshin nan yana yi min ciwo, haihuwar 'yarka ce ta jawo, kuma zai wuce. Mutumin da ke shafa wa sanƙonsa magani safe da dare ya fi kowa sanin zafin abin.

Wani abu da ba ki tambaya ba amma ya shafi 'yarki: gashin nan da ke zuba yana shiga safa da shimfiɗa, sili ɗaya yana iya naɗe yatsan ƙafar jariri ya shaƙe shi har ya kumbura. In ta ɓarke da kukan da kin rasa dalilinsa, ki cire safar ki duba yatsunta ɗaya-ɗaya, kuma ki riƙa juya safa da rigar barcinta kina kakkaɓewa bayan wanki.

Bikin kuwa, wa zai ga gashinki? Ranar kamu da mayafi za ki fita, ranar wuni da ɗauri. Ki yi manyan kitsonki kwana biyu kafin a fara, ki sa hular siliki mai laushi a ciki, ki ce wa mai ɗaurin ta sauko da shi kan goshi yadda ake yayi, kada ta matse, da kin dawo gida ki kwance. Bayan wata uku ki rubuto min abin da gwajin jinin ya nuna da abin da kika gani a hotunan.